Yadda Na Shafa wa Ushafa Launin Kuje

Na kama aiki a Abuja a shekarun da farar hula suka dawo mulki har suka fara zama da gindinsu, kuɗin mai na shigowa kamar da bakin ƙwarya. Duk inda ka juya gini ake yi, tifofi na kai yashi, wayar salula kuma ta fara shiga hannun masinja da direba. Ofishinmu wata hukuma ce ta tarayya mai kula da ayyukan karkara, a wani tsohon bene a Garki. Hayar cikin gari ta fi ƙarfina, sai na kama ciki da falo a Kuje. Kullum da na idar da sallar asuba sai in nufi tasha, in iso ofis takalmina ya yi ja da ƙasa.

A sashen ƙididdiga mu biyu ne masu zama gaban kwamfuta, ni da shugabata, wadda kowa ke kira Madam. 'Yar Filato ce, Kirista, gajera, tabarau na rataye a wuyanta da wata baƙar igiya. Ta kusa haifata, amma Malam take ce mini tun ranar farko. Hausarta irin ta Jos ce, ba ruwanta da mace ko namiji, za ta ce “motan ya zo” ko “takardan ya ɓata”. Ni da na taso a Zariya nakan yi dariya a zuci, har zuwa lokacin da na gane cewa matar nan ba ta faɗin kalma ɗaya da ba ta auna ba.

An sayo mana sababbin kwamfutoci a shekarar, amma manhajar lissafin da aka biya kuɗinta a kwamfutar Darakta kaɗai aka sa, shi kuma ba buɗewa yake yi ba. Madam ba ta yi ƙorafi ba. Ta je wani shagon intanet a Area 1, ta yini tana sauke wata manhajar kyauta da ake kira R, ta kawo ta a faifai. Ba ta da maɓallan da za ka yi ta dannawa. Farin fili ne kawai, sai ka rubuta abin da kake so, in ka yi kuskuren waƙafi ɗaya ta ƙi motsi. Watannina na farko da ita sun yi mini wuya ƙwarai.

Aikin da nake son ba da labarinsa ya zo ne bayan ma'aikatanmu sun zagaya ƙauyukan babban birnin da takardun tambayoyi. Sun tambayi inda ake ɗebo ruwa da sau nawa a yini, da abin da ake girki da shi da yawansa, da nisan titi da kasuwa, da sana'ar maigida. Hukuma na son ta raba ƙauyukan rukuni-rukuni don ta san inda za a haƙa burtsatse da inda hanya ta fi gaggawa. Madam ta ce kada mu raba da ra'ayinmu, mu bar amsoshin su nuna wa ya yi kama da wa.

Hanyar da ta nuna mini mai sauƙin fahimta ce. Kwamfuta za ta nemo ƙauyuka biyun da amsoshinsu suka fi kama, ta haɗa su. Sai ta sake neman wasu biyun, ko ta liƙa wani ƙauye a jikin waɗanda ta riga ta haɗa. Haka za ta yi ta yi, ƙananan rukunai na haɗuwa su zama manya, har kowa ya taru a wuri guda. In aka zana sai ya fito kamar bishiyar da aka kifa, gindi a sama, ganye a ƙasa. Kowane ganye ƙauye ɗaya ne, kowace mahaɗar rassa kuma wurin da rukunai biyu suka gamu.

Da muka buga zanen farko muka kai wa Darakta, ya juya takardar sama da ƙasa ya ce shi bai ga komai ba sai tsintsiya. Yana da gaskiya. Layuka ne baƙaƙe, a ƙarƙashin kowane ganye da 'yar lambar ƙauye da sai ka ƙanƙance ido za ka karanta. Ya ce a sa launi, kowace ɗaya cikin ƙananan hukumomi shida na babban birnin da nata, domin zai nuna wa Babban Sakatare.

A nan Madam ta koya mini abin da har yau nake ci da shi. Ta ce ba za mu bi ganye ɗaya-ɗaya da hannu ba, za mu rubuta fankshin. Fankshin ɗan guntun umarni ne da kai kake tsarawa, ka ce in an miƙa maka abu kaza ka yi masa kaza. Manhajar kuma tana da wani umarni nata wanda zai ɗauki fankshin ɗinka ya kai shi kowace mahaɗa, ya fara daga gindi, ya bi kowane reshe har ya dire a ganye. Ta ce duk inda fankshin ya tsaya abu uku ne a gabansa: ya duba ko ganye ne ko mahaɗa, ya yi aikin da aka sa shi, sannan ya mayar da abin da aka miƙa masa.

Na ukun na manta a gwajina na farko. Na rubuta yadda za a sa wa ganye launi, ban ce komai a kan mahaɗa ba, sai kwamfuta ta watso mini saƙon kuskure, bishiyar ta ƙi fitowa sam. Na yi awa biyu ina zufa. Madam na gefe tana aikinta, ta ga halin da nake ciki sarai, amma ba ta tanka ba sai da na juyo na tambaye ta. Ko a lokacin ma ba ta taɓa kwamfutata ba. Ta tambaye ni ne kawai me fankshin ɗina yake mayarwa idan ya isa mahaɗa. Na duba na ga babu komai. Kalma ɗaya na ƙara a layin ƙarshe, bishiyar ta dawo.

Washegari aka yi mata waya cewa ƙanen mahaifinta ya rasu. Ta tafi gida jana'iza, ta ce za ta yi mako guda, in ci gaba da gwaji kafin ta dawo.

Ina da jerin ƙauyukan a fayil, an jera su ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, kowanne da launinsa a gefe. Sai dabara ta faɗo mini: in sa fankshin ɗin ya riƙa ƙirge, ganyen farko da ya tarar ya ba shi launin farko a jerin, na biyu launi na biyu, haka har ƙarshe. Na rubuta, na danna, sai ga zane mai kyawun gaske. Kore ya taru a hagu, ja na biye da shi, sai shuɗi, launuka shida a jere babu wanda ya shiga cikin wani. Na zauna ina kallonsa ina jin kaina ya yi girma. Ban jira kowa ba, na kai shagon da ke da firinta mai launi a ƙasan benenmu, na buga a babbar takarda, na hau da ita ofishin Darakta.

Ya yi murna sosai. Ya ce ai ga shi lissafi ya tabbatar da abin da ya daɗe yana faɗa, kowace ƙaramar hukuma halinta daban, don haka a raba aikin gida shida kowa ya huta. Ya dafa kafaɗata ya ce zan yi nisa. Kafin mako ya ƙare ya nuna wa Babban Sakatare.

Ranar Litinin Madam ta dawo, ta rame, ta ajiye mini ƙullin acca a tebur. Na yi mata ta'aziyya, sannan na warware takardar a gabanta ina jiran yabo. Ta ɗora tabarau a hanci ta daɗe tana dubawa. Ta ce zanen ya yi kyau, har ya yi kyau da yawa, domin ita ta yi shekaru tana yawo a ƙauyukan nan, ba ta taɓa ganin talauci ko ƙishirwa sun tsaya a kan iyakar ƙaramar hukuma ba. Sai ta bi ƙananan lambobin da farcenta har ta tsaya a kan wani jan ganye.

“Malam, ja na wane ne?”

Na ce na Kuje ne.

“Wannan lamban na Ushafa ne. Ni na kai yaranmu masu cike takardu wurin da kaina. Yaushe Ushafa ya koma Kuje?”

Ushafa na can wajen Bwari, Kuje na wani ɓangaren daban. Nan take na gane abin da na aikata. Bishiyar ta jera ganyayenta ne bisa kamanni, fayil ɗina kuma bisa ƙaramar hukuma. Ni kuwa na bi na shafa launi a jere ba tare da tambayar kowane ganye ko shi wane ne ba. Ko wace irin bishiya aka ba fankshin ɗina, haka zai fito da ita tsaf, launi shida a jere. Zanen bai faɗi komai game da ƙauyukan ba.

Na ce ko za mu gyara a hankali mu sauya takardar, wataƙila ba wanda zai lura. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta naɗe takardar ta miƙe, ta ce in biyo ta.

Darakta na shan shayi muka shiga. Mutumin arewa ne mai son tsafta da tsari, ba mugu ba ne, amma ba ya son a mayar da shi baya. Madam ta gaishe shi, ta karɓi ta'aziyyarsa, sannan ta shimfiɗa takardar.

“Oga, takardan nan ba gaskiya ba ne. Daga sashena ya fito, ni zan gyara.”

Ya ajiye kofin. Ya ce an riga an gani a sama, an kuma yaba, yanzu da wane baki zai koma ya ce kuskure ne? Ya tambaya ko ba za a bar shi haka ba, tunda dai a ƙarshe kowace ƙaramar hukuma za ta samu rabonta. Madam ta ce za ta samu, amma burtsatse zai tafi inda ba shi ake nema ba, kuma ita ba za ta sa hannu ba. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma zauna ba ko da ya nuna mata kujera.

Ba ta ambaci sunana ba ko sau ɗaya. Wannan ne ya fi damuna, na ji ba zan iya tsayawa a bayanta kamar gunki ba. Na ce, ranka ya daɗe, ni na rubuta, ita ba ta ma gari. Na yi masa bayanin kuskuren yadda zan iya. Ya kalle ni, ya kalle ta. Daga baya ya ce ya ba mu mako biyu, kuma in muka sake kawo masa abin da zai ba shi kunya, mu biyun za mu san inda ake kira ofishin shiyya.

A kan matakala ta ce mini na yi daidai da na yi magana. Iyakar abin da ta faɗa ke nan a kan lamarin, ba ta sake tayar da shi ba har muka rabu.

Gyaran bai ɗauki rabin awa ba. Ta sa na sake rubuta fankshin ɗin yadda duk ganyen da ya isa zai fara karanta lambar da ke jikinsa, ya nemo ta a fayil, sannan ya ɗauko launinta. Muka kuma sa ya maye lambar da sunan ƙauyen. Bishiyar gaskiya ta fito a cakuɗe, ja a cikin kore, shuɗi a cikin ruwan ɗorawa, kamar atamfa. Ni na ga ɓarna, ita kuwa ta jawo kujera kusa, ta ce yanzu aka fara aiki.

Sai ta rubuta fankshin na biyu, wanda ba ruwansa da ganye, mahaɗa kawai yake wa aiki. Duk mahaɗar da ya isa sai ya tattaro ƙauyukan da ke ƙarƙashinta, ya gwada amsoshinsu da na sauran, ya rubuta a jikin mahaɗar abin da suka fi bambanta da kowa a kai. Layi goma sha wani abu ne kacal. Na ga tana rubutu a hankali da yatsu biyu, tana gwadawa a kan ƙaramin reshe tana lissafawa da biro a bayan ambulan, sai da amsar biro da ta kwamfuta suka zo ɗaya sannan ta sake shi a kan dukkan bishiyar. Da zanen ya fito, kowace mahaɗa na ɗauke da 'yan kalmomi: nisa da titi, ruwan rafi, kusa da kasuwa. Mutum na iya bin reshe daga sama yana karanta dalilin kowace rabuwa.

Reshe ɗaya ne ya tsaya mana a rai. Ushafa ta haɗu da wasu ƙauyuka kaɗan na Kuje da Kwali, masu nisa da ita, kuma abin da aka rubuta a mahaɗarsu shi ne yawan ɗiban ruwa da yawan itace. Gidajensu ba su fi na maƙwabta yawan mutane ba, a gurbin sana'a kuma duk noma aka rubuta. Na ce wataƙila masu cike takardun ne suka yi kuskure. Madam ta ce wataƙila, amma kwamfuta ta kai iyakarta, saura ƙafa. Ta nemi motar ofis.

Mun isa Ushafa da hantsi, duwatsu sun kewaye garin. Aka kai mu bayan wasu gidaje inda mata ke ginin tukwane. Wata tsohuwa Bagbagyiya na sunkuye tana zagaya wata randa da baya-baya, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, bakin randar na tashi a hankali. Gefe ga yumɓu a jiƙe cikin rami, ga tarin itace da busasshiyar ciyawa ya fi tsayina, an tara don gasa tukwane. Mata biyu suka wuce mu da ruwa a kafaɗa, yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya.

Madam ta cire takalmi ta zauna a kan kututture. Ba ta fito da takarda ba. Ta yi ta hira da tsohuwar a kan ciwon gwiwa da tsadar itace, tana ce mata Mama, har tsohuwar ta ba ta yumɓu ta ce ta gwada. Can ta tambaye ta me ya sa da ma'aikatanmu suka zo ba a rubuta tukwane ba. Tsohuwar ta goge hannu a zani ta ce:

“'Yata, maigida kuka tambaya, shi kuwa manomi ne. Ni ba wanda ya tambaye ni.”

Kwana biyu bayan haka muka je ɗaya daga cikin ƙauyukan Kuje da ke reshen. Bai kai tafiyar rabin awa daga ɗakina ba, amma ban taɓa taka shi ba. Tun daga bakin gari muka hango hayaƙi. Mata ne ke turara shinkafa a cikin manyan durom, wasu na baza ta a tabarmi, wasu na jigilar ruwa daga rafi. Irin shinkafar da nake saya a kasuwar Kuje ce duk mako. A can ma takarda ta ce noma. Tambayarmu ba ta ga sana'ar matan ba, amma ruwan da suke ɗiba da itacen da suke ƙonawa sun bayyana a amsoshi, shi ya sa ƙauyukan suka faɗa reshe ɗaya.

A hanyar dawowa na tambaye ta ko ta san haka tun kafin mu fito. Ta ce ta yi zargi a kan Ushafa, amma na shinkafar ba ta sani ba. Ta ce laifin takardar tambayoyin ma da hannunta a ciki, domin tana cikin waɗanda suka duba ta kafin a buga, kuma ita mace ce amma ba ta lura ba. Ta faɗi haka ne tana kallon waje ta taga, yadda mutum zai faɗi farashin tumatir.

Muka kai wa Darakta sabon zanen kwana ɗaya kafin wa'adi. Ya daɗe yana bin rassan da bakin biro yana karanta kalmomin mahaɗa. Da ya iso reshen Ushafa ya sa Madam ta ba shi labarin tsohuwar sau biyu. Shi ya je ya gabatar a sama, kuma na ji an ce ya fara ne da cewa takardar farko kuskure ce. Na girmama shi a kan wannan.

Ba duk abin da muka ba da shawara aka yi ba. An haƙa burtsatse kusa da wurin aikin mata a wasu ƙauyukan reshen, sauran kuma zaɓe ya zo aka sauya shugabanni, maganar ta kwanta. Abin da ya tabbata shi ne an ƙara tambaya a takardar zagaye na gaba, a kan sana'ar matan gida, kuma aka ce matan za a tambaya. A bangon rahoton sunan hukuma ne da na Darakta. A shafin ciki inda ake jera waɗanda suka yi aikin, na tarar Madam ta sa sunana kusa da nata.

Shekara biyu bayan nan aka yi mata ƙarin girman da ya daɗe da wuce lokacinsa, aka mayar da ita wata ma'aikatar. Kafin ta tafi ta zauna da ni yini biyu muna bin fayilolinta ɗaya-ɗaya. A saman kowane fankshin ta rubuta abin da yake yi, da abin da ba ya yi, da kuskuren da ita kanta ta taɓa yi da shi.

Ganina da ita na ƙarshe a sunan 'yata ta fari ne. Na aika mata saƙo don fita hakki kawai, ban zaci za ta zo Kuje ba. Sai ga ta da azahar a motar haya, da rabin buhun dankalin turawa a but. Ta gaisa da mahaifina a rumfar maza, sannan ta shige cikin gida wurin mata. Matata ta ce ta ɗauki jaririyar ta daɗe tana yi mata waƙa da yarensu, ta ci tuwo, ta taya su wanke kwanuka duk da an hana ta. Kafin la'asar ta fito tana gyara ɗankwali, ta ce tana da gwajin waƙa a coci, kada ta makara. Na raka ta bakin titi muka tsaya har ta samu mota.